"Ba A Ga Komai Ba": Tarihin Ruɓar Ƙafar Da Ƙashi Ya Huda



A watan Sha'aban na bara, bayan sallar isha'i, wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci riƙe da takarda. Ɗan ƙanensa ɗan acaba ne, mota ta kaɗe shi a hanyar Ojoo, ƙafar dama ta karye a ƙwabri, ƙashi ya huda fata ya leƙo waje. An kai shi asibiti, an wanke, an sa ƙarfe. Bayan sati shida sai wurin ya kumbura, ya buɗe wani ɗan rami yana tsatsar mugunya. Aka dangwalo mugunyar da auduga aka kai awo. Kwana uku takarda ta fito, wanda ya karanta musu ya ce wai ba a ga komai ba.

Dattijon ya ce da ni, "Liman, su da bakinsu sun ce ba su ga komai ba. To in ba ciwon asibiti ba ne, na mene ne? Jifa ne. Ka yi masa tofi, jibi mu sa shi a mota mu kai shi gida."

Na ce, "Alhaji, tofi kam za a yi, amma ka ba ni aron takardar nan zuwa gobe."

Ina da 'ya tana karatun awon jini da fitsari a makarantar lafiya. Ta duba ta ce, "Baba, ai ba cewa suka yi babu ba. Cewa suka yi abin da aka shuka bai tsiro ba." Wannan magana ita ta sa na zaunar da ita dare da yawa, tana karanta min littattafansu tana fassarawa, ni kuma ina duba abin da na iya samu da Larabci. Abin da na tsinta shi ne zan ba ku, don na lura wannan takarda ta "ba a ga komai ba" ta sha raba mutanenmu da ƙafafunsu.

Mu fara da abin da kowane maɗori ya sani. Karaya iri biyu ce. Akwai wadda ƙashi ya karye a ciki, fata tana nan lafiya. Wannan in an daidaita an ɗaure, galibi takan haɗe. Akwai kuma wadda fata ta yage, iska da ƙasa da tsumman wando suka isa ga ƙashi. Tun zamanin Fir'aunoni likitoci suke tsoron ta biyun. Akwai wata tsohuwar takardar likitancin Masar da aka rubuta kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai ɗauke da raunuka 48. Marubucinta yakan raba rauni gida uku: wanda zai yi wa magani, wanda zai yi kokawa da shi, da wanda ba shi da magani. Wasu daga cikin karayar da rauni ya ratsa har ƙashi, a gida na uku ya sa su. Ƙwabri kuwa ya fi ko'ina shan wannan wahala. Ka shafa naka ka ji, daga fata sai ƙashi, babu tsokar da za ta kare shi, jinin da ke isa ƙasansa kuma kaɗan ne.

Wanda ya fi burge ni a mutanen da shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rayu kusa da birnin Ƙurɗuba, ya rasu wajen shekarar 1013. Littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshen a kan tiyata, har da zanen kayan aiki. An juya shi zuwa Latin, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyo daga gare shi. A ciki ya ba da labarin wani saurayi ɗan kimanin shekara 30 mai ciwon ƙwabri. Nasa ba karaya ba ce, daga ciki ciwon ya taso, amma ƙarshensa irin na yaronmu ne: ramuka suna zubar da mugunya. Masu magani sun shafe wajen shekara biyu suna shafe-shafe a kai, jikinsa yana ta lalacewa. Az-Zahrawi ya sa tsinken bincike a rami guda, ya tarar ramukan duk a haɗe suke, kuma sun kai ga ƙashi. Ya tsaga, ya ga ƙashin ya yi baƙi ya ruɓe. Ya kankare, ya yanke da zarto, ya rufe. Bai warke ba. Ya sake buɗewa ya tarar da saura. Haka ya riƙa yi kaɗan-kaɗan saboda raunin majinyacin, har ya fitar da ƙashi kimanin taƙi guda, sannan mutumin ya warke ya miƙe.

Ku lura da abu ɗaya. Az-Zahrawi bai taɓa ganin ƙwayar cuta ba, bai san da ita ba ma. Amma bai ce tun da ban ga abin da ke cin ƙashin nan ba, to aljani ne. Ya ga matacce, ya raba shi da mai rai. Har gobe wannan shi ne rabin maganin.

A Turai kuwa an daɗe cikin duhu. Likitocinsu sun ɗauka mugunya mai kauri alamar samun sauƙi ce, har yabonta suke yi. Raunin bindiga kuma tafasasshen mai ake zuba masa. Sai a 1537, a wani yaƙi a ƙasar Italiya, man ya ƙare wa wani matashin wanzamin soja Bafaranshe mai suna Ambroise Paré, ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man fure da wani man itace ya shafa wa sauran. Da gari ya waye waɗanda ba a ƙona ba su suka fi samun sauƙi. Shi kansa a 1561 doki ya harbe shi ya karya masa ƙwabri, ƙashi ya fito. Ya sa aka buɗe raunin aka tsince gutsattsarin ƙashi, ya sha zazzaɓi da mugunya, amma ya tsira da ƙafarsa. Irinsa ba su da yawa. Dokar da aka fi bi har tsakiyar ƙarni na 19 ita ce, in ƙashi ya huda fata, a yanke ƙafar tun kafin ruɓa ta hau sama. Yankewar ma ba tsira ba ce.

To a nan Joseph Lister ya shigo, likitan tiyata a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan. A ɗakinsa, tsakanin 1864 da 1866, cikin mutum 35 da aka yanke wa gaɓa 16 sun mutu. Tambayar da ta hana shi barci ita ce wadda na fara da ita: me ya sa karayar cikin fata take warkewa ba mugunya, wadda ta huda fata take ruɓewa? Mutanen zamaninsa cewa suke mugunyar iska ce, warin asibiti ne. Sai wani abokinsa malamin kimiyya ya nuna masa rubuce-rubucen Louis Pasteur na Faransa, wanda ya tabbatar da cewa abin da ke sa romo ya lalace ko madara ta yi tsami wasu ƙananan halittu ne masu rai da ido ba ya gani. Lister ya ce to ko nama ma haka ne. Ya ji labarin cewa a garin Carlisle ana zuba wani sinadari mai suna kabolik a ruwan bahaya don kashe wari. Dangin Izal ɗin nan ne da muke wanke bayi da shi, duk daga kwaltar gawayin ƙasa ake samo su.

Ranar 12 ga Agusta 1865 aka kawo masa yaro ɗan shekara 11, James Greenlees, ƙafar amalanke ta bi ta kan ƙwabrinsa na hagu, ƙashi ya karye, fata ta yage. Lister bai yanke ba. Ya jiƙa ƙyalle da kabolik ya rufe raunin, ya ɗaure ƙafar da katako, ya jira. Rana ta huɗu, lokacin da aka saba jin wari, yaron ya ce wurin yana masa zafi. Aka buɗe, babu mugunya, sinadarin ne ya ƙona fatar gefe, don haka aka surka shi. (Kada wani ya ji wannan ya je ya tuttula Izal a rauni, yana cin nama.) Bayan sati shida ƙashi ya haɗe, yaro ya koma gida da ƙafafunsa biyu. A 1867 Lister ya buga labarin mutum 11 masu irin wannan karaya: tara sun warke da gaɓoɓinsu, an yanke wa ɗaya, ɗaya ya rasu sanadin zubar jini. Mutuwar waɗanda ake yanke wa gaɓa a ɗakinsa ta sauko zuwa 6 cikin 40.

Abin da nake so mu riƙe: ranar da Lister ya ceci ƙafar yaron nan, bai san sunan ƙwayar da yake yaƙa ba, ba shi da ɗakin awon da zai shuka ta. Da an ba shi takarda irin ta Alhaji, ita ma "ba a ga komai ba" za ta ce. Sai wajen 1880 wani likita a Aberdeen, Alexander Ogston, ya duba mugunya a madubin ƙara girma ya ga ƙwayoyi a cure kamar nonon inabi, daga nan aka sa musu suna sitafilokokus, wadda har yau ita ce kan gaba wajen cin ƙashi. Shekara 15 ke nan tsakanin magani da ganin mai laifi. A tsakanin, manyan likitoci da dama sun yi ta yi wa Lister dariya, suna cewa in da gaske ne ya nuna musu halittun. Masu dariyar ba su ne suka biya kuɗin dariyar ba. A yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871, an yanke wa sojojin Faransa sama da 13,000 gaɓa, kusan 10,000 suka mutu.

Shukar da 'yata take magana a kai ta samo asali ne daga Robert Koch na Jamus da mutanensa, daga 1881. Su suka gano yadda ake zuba wani abinci mai kama da daskararren koko a faranti, a shafa abin da aka ɗebo daga majinyaci, a ajiye a wuri mai ɗumin jikin mutum, a jira a ga abin da zai tsiro. Farantin gilashin da ake amfani da shi, wani mataimakin Koch mai suna Petri ya fito da shi a 1887. Wato awon nan noma ne. Kowa a cikinmu kuma ya san za ka iya shuka iri mai kyau ya ƙi fitowa, don ƙasar ba tasa ba ce, ko ruwa bai isa ba, ko ka zo dubawa da wuri.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koya wa likitoci darasi mai ɗaci. An yi shi ne a gonakin Faransa da Beljiyam da aka shekara ɗaruruwa ana zuba wa taki, harsashi yana tura wannan ƙasa cikin nama da ƙashi. Sandarewar jiki da ruɓa mai kumbura nama da iska suka yi ta kashe sojoji. Wajen 1916, shekarar da aka yanka wa kakanninmu filin Sabon nan, likitocin fagen fama sun dawo kan hanyar Az-Zahrawi ba tare da sun ambace shi ba: a buɗe rauni sosai, a yanke duk naman da ya mutu, a wanke, kada a yi gaggawar ɗinkewa. Alexander Fleming yana cikinsu. Ya ɗauki kwalbar gwaji ya yi mata loko-loko kamar rauni, ya nuna cewa ko ka cika ta da maganin wanke rauni ka zubar, ƙwayoyin da suka ɓuya a lokunan suna nan da ransu. Shi ne daga baya, a 1928, ya gano fenisilin. A yaƙin basasar Sifaniya kuma, 1936 zuwa 1939, Josep Trueta na Basalona ya riƙa yanke mataccen nama ya rufe ƙafa da siminti. Wari kamar me, amma cikin mutum 1,073 shida kaɗai suka mutu, fenisilin kuwa bai shigo hannun likitoci ba tukuna.

Daga nan labarin ya yi sauri. A 1974 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa masu buɗaɗɗiyar karaya da ba a ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, kusan 14 cikin 100 raunin ya ruɓe, waɗanda aka ba maganin da ya dace da wuri kuwa kusan 2. A 1976 likitoci biyu, Gustilo da Anderson, suka yi nazarin karaya 1,025 suka raba ta mataki uku gwargwadon girman rauni da lalacewar nama, rabon da ake aiki da shi har yau a asibitocin ƙashi irin su Igbobi da Dala. An kuma yi wani zamani da ake ɗiban awo tun ranar haɗari, sai aka gane ƙwayar da aka samu ranar farko sau da yawa ba ita ce take kawo ruɓa daga baya ba, aka rage yin hakan.

Saura tambayar Alhaji: ga mugunya ido na gani, me ya hana shuka tsirowa?

Babban dalili, mu ne. Kafin yaronmu ya koma asibiti ya sha kafso kala-kala daga kemis, ja da yalo, ja da baƙi, har an fasa wani an barbaɗa a ramin. Irin wannan shan ba ya kashe ƙwayar da ke cikin ƙashi, sai dai ya jigata ta yadda in an shuka ba za ta tsiro ba. Ka soya gyaɗa sama-sama sannan ka kai gona, ka zo kana mamaki.

Na biyu ya fi ban sha'awa, kuma ba a fahimce shi sosai ba sai daga wajen 1978. Ku dubi randar da aka daɗe ba a wanke ba. Ka ɗebi ruwan sama a moɗa garau yake, amma sa hannu ka shafa cikinta ka ji yauƙi. Haka ƙwayoyin cuta suke yi a jikin ƙarfen da aka sa wa ƙashi da jikin mataccen ƙashi. Sukan manne, su lulluɓe kansu da yauƙi, su rage ci da haihuwa kamar masu barci. Audugar da aka dangwala a bakin rami ba ta kai wurinsu, magani ma da ƙyar yake ratsa su. Ban da wannan, akwai ƙwayoyin da iska take kashewa tun a hanyar zuwa ɗakin awo, akwai masu nawar da sai an jira su kwana 10 zuwa 14, ta tarin fuka ma, wadda takan kama ƙashi, sai an yi makonni. Takardar Alhaji kuwa ta kwana uku ce.

Ba a nan kaɗai abin yake faruwa ba, balle a ce rashin kayan aikinmu ne kawai. Wani bincike da aka buga a 2016 daga asibitocin Bostan a Amurka ya samu cewa kusan ɗaya cikin goma na masu ruɓar rauni bayan aikin karaya, awonsu bai tsirar da komai ba, kuma wahalar jinyarsu ba ta bambanta da ta sauran ba. Shi ya sa a 2018 ƙwararrun likitocin ƙashi na ƙasashe daban-daban suka yi matsaya cewa in akwai rami da ya kai ga ƙashi ko ƙarfe, ko mugunya tana fita, to ciwon ya tabbata ko awo ya nuna ko bai nuna ba. Suka kuma ce a daina dogaro da auduga, a shiga tiyata a yanko nama daga ciki wuri biyar, kowanne da kayan aikinsa daban, kuma in halin majinyaci ya ba da dama a dakatar da magani sati biyu kafin nan. Dakatarwar hukuncin likita ne, ba na ɗan'uwan majinyaci ba.

Ni ban raina maɗoranmu ba. Mahaifina ya karye a hannu, maɗori ne ya ɗora shi, ya yi dako da hannun shekara da shekaru. Amma karayar da ta huda fata ba tasu ba ce, kuma na kirkin cikinsu sukan faɗa maka haka. Kara da tsumma a ɗaure tamau a kan raunin da ke da mataccen ƙashi, rufe wuta ne da zana. Jifa kuma ban ce babu shi a duniya ba, amma a karatun da muka yi a gaban malamanmu, rashin ganin abu bai taɓa zama hujjar rashinsa ba, kuma ba a tsallake sababin da yake a fili a tafi neman na ɓoye. Ƙafa ta sha kwatar bakin titi, sannan a ce maƙiyi? Direbobi da 'yan acaba, don Allah a bar zuba man birki ko toka a rauni. A rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a tura ƙashin ciki, a tallafe ƙafar, a nufi asibiti a wannan sa'ar, don allurar farko da wuri ake son ta, da ta hana sandarewar jiki.

Washegari na raka Alhaji wurin likitan, wani Bayarabe mai haƙuri. Ya ce, "Alfa, ku taimake mu da su. In suka tafi da shi, bayan wata uku za su dawo min da shi in yanke." Alhaji ya yi shiru, ya tambayi kuɗi. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai da aka yi yekuwa a masallatai uku, 'yan canji da 'yan goro da ƙungiyar 'yan acaba suka haɗa. Aka tsayar da kafso sati biyu, aka shiga da shi tiyata, aka cire ƙarfen ciki aka sa na waje mai kama da tsani, aka fitar da wani guntun ƙashi baƙi kamar tsawon ɗan yatsa, aka aika nama biyar awo.

Bayan sati biyu takarda ta dawo. Ba abin da ya tsiro, ko a ɗaya.

Likitan bai ko girgiza ba. Ya ɗora shi a kan maganin da ke kama ƙwayoyin da aka fi samu a irin wannan rauni, allura da farko sannan na sha, na tsawon makonni, yana duba jini da raunin. Ramin ya bushe. Kafin babbar sallah an cire tsanin. Yanzu yaron yana Bodija yana auna albasa a rumfar wani ɗan garinsu, yana ɗan ɗingishi, babur kuwa an sayar an biya sauran bashi. Alhaji har yau in mun haɗu cewa yake rubutun da na ba su ne ya yi aiki. Nakan ce masa Allah ne ya warkar, amma ni na ga guntun ƙashin a cikin kwalba.